Burin Marubuci da Ranar Awo

Jawabin da wakilin sashen marubuta ya gabatar a taron ƙarshen shekara na Ƙungiyar Ɗalibai



Da farko muna miƙa godiyarmu ga shugabannin ƙungiya da suka ba sashen marubuta wannan dama ta tsayawa a gaban jama'a. An nemi mu yi magana a kan yadda mai sha'awar zama marubuci zai tsara burinsa na shekara, da kuma yadda zai waiwaya ya auna abin da ya samu idan shekarar ta ƙare. Ba don mun fi kowa sani muka karɓi wannan aiki ba. Mun karɓa ne domin mun gwada mun faɗi, sa'an nan mun zauna mun binciki dalilin faɗuwar. Hausawa na cewa gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. To, a yau mu ne wanen da za a gani.

Abin da ya faru bara

A farkon shekarar karatu da ta wuce, mu goma sha huɗu muka taru a gindin darbejiyar da ke bayan laburare. Sakatarenmu ya ɗauko littafi, aka ce kowa ya faɗi abin da zai rubuta kafin shekara ta zagayo. Wani ya ce littattafan ƙagaggun labarai guda biyu. Wani ya ce diwanin waƙoƙi hamsin. Wani ya ce wasan kwaikwayo wanda za a nuna a babban ɗakin taro na jami'a. Wani kuwa ya rantse sai ya ci gasa an ambaci sunansa a rediyo. Duk wanda ya faɗi nasa sai a tafa masa. Da layi ya zo kan wata 'yar'uwarmu ta aji biyu, sai ta ce ita gajerun labarai shida za ta rubuta, ɗaya a kowane wata biyu, kuma za ta riƙa karanto mana kowanne idan ta gama. Muka yi mata dariya, har wani ya ce ai wannan aikin mako guda ne.

Makon jiya muka koma gindin bishiyar nan muka buɗe littafin sakatare. A cikinmu duka, ita kaɗai ta cika alkawari. Sauranmu da muka tattara abin da ke hannunmu, sai muka sami babin farko guda tara, babu babin ƙarshe ko ɗaya. Mai waƙoƙi hamsin ya kawo bakwai. Mai littattafai biyu ya nuna mana sunayensu da hoton bangonsu, wanda ya tsara da kyau a wayarsa ta hannu, amma a tsakanin bango da bango babu abin da ya wuce shafi goma sha ɗaya. Wanda ke tsaye a gabanku yana cikin masu babin farko.

Da aka tambaye mu dalili, baki ya zo ɗaya: rashin lokaci. Lacca ta yi yawa, ga aikin gida da malamai ke bayarwa, ga jarrabawa, ga rashin wuta da dare. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai wani daga cikin manyanmu 'yan ajin ƙarshe ya tuna mana da wani abu da ya rufe mana baki. A shekarar 2022 malaman jami'o'i sun yi yajin aiki tun daga watan Fabrairu har zuwa Oktoba, watau wata takwas cur ɗalibai suna zaune a gida, babu lacca babu jarrabawa. Ya ce shi kansa ya daɗe yana cewa da zai sami wata uku na hutu da ya gama littafinsa. Aka ba shi takwas, ya dawo makaranta da babin farkon da ya tafi da shi. Daga nan muka gane cewa ruwa ba ya tsami banza, kuma ciwonmu ya wuce maganar lokaci. Mun ɗauki manyan burace-burace, amma babu ko ɗayanmu da ya san abin da zai yi gobe da safe domin cim musu, babu kuma ranar da muka sa domin a tambaye mu inda aka kwana.

Darasi daga magabata

Kafin mu ce buri ne ya yi mana yawa, ya kamata mu dubi waɗanda suka riga mu. A shekarar 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, a ƙarƙashin Dokta R. M. East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Daga wannan yunƙuri ne aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da kuma Jiki Magayi na John Tafida tare da East ɗin kansa. Abin lura a nan shi ne, an haifi Imam a 1911, Tafawa Ɓalewa kuwa a 1912. Ashe ke nan a lokacin da suka rubuta waɗannan littattafai da muke nazari a aji, shekarunsu ba su wuce namu na yau ba. Haka kuma ba zaman banza suke yi ba, dukansu biyu malaman makarantar Midil ne, Imam a Katsina, Tafawa Ɓalewa a Bauci, suna da ajin da za su shiga da takardun yara da za su duba.

Me suke da shi wanda mu muka rasa bara? Abubuwa uku muka hango. Na ɗaya, aikin yana da iyaka, an san labari guda ake nema, kuma littattafan ƙanana ne, mai karatu zai iya gama Ruwan Bagaja a zama ɗaya ko biyu. Na biyu, akwai wa'adi. Na uku, akwai wanda ke jiran rubutun ya duba ya gyara. Bayan haka, a 1936 aka ɗauko Imam zuwa Zariya na wasu watanni, ya zauna ya rubuta Magana Jari Ce, littattafai uku, East yana kawo masa littattafan hikayoyin ƙasashe daban-daban yana kuma bin abin da ya rubuta. A 1939 ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, inda wa'adin fitar jarida ba ya jiran wanda ilhama ba ta sauko masa ba. Saboda haka babban buri ba laifi ba ne. Laifin shi ne a bar shi babu iyaka, babu wa'adi, babu mai duba.

Raba buri da alkawari

Abu na farko da muka koya shi ne bambanci tsakanin buri da alkawari. Buri shi ne abin da muke fata, amma cikarsa tana hannun wasu: a buga mana littafi, mu ci gasa, a sa aikinmu cikin manhajar makarantu. Alkawari kuwa shi ne abin da ke hannunmu, wanda idan bai yiwu ba babu wanda za mu zarga sai kanmu. Ɗan'uwanmu da ya rantse sai ya ci gasa ya ɗora rantsuwarsa a kan hukuncin alƙalan da bai taɓa gani ba. Da cewa ya yi zai gama labarinsa wata guda kafin a rufe karɓa, ya ba mutum biyu su duba, ya gyara ya aika, to da ya ɗauki kayan da yake iya saukewa. Ga 'yan'uwanmu mata, alal misali, akwai gasar Hikayata wadda sashen Hausa na BBC ya ƙirƙiro a 2016. Shiga irin wannan gasa da labari gyararre alkawari ne, zama gwarzuwa kuwa buri ne. A rubuta burin a saman takarda da manyan baƙaƙe domin ya riƙa zaburar da zuciya, amma ranar awo alkawarin za a auna.

Har wa yau, kada gasa ta zama ita kaɗai ce ke tashinmu daga barci. Daga gasar 1933 sai da aka yi shekaru fiye da arba'in kafin kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya ya shirya wadda ta fito da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta, waɗanda aka buga a 1980. Marubutan da suka biyo baya a Kano ba su tsaya jiran wata hukuma ba. Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, ta koma ta nemi ilmi a ajin manya, ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987 da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990. Idan wadda aka katse wa karatu ta yi wannan, wace hujja ce ta rage mana mu da muke kwana muna tashi kusa da laburare?

Yanka aikin gunduwa-gunduwa

Abu na biyu shi ne rarraba aikin. A nan ba sai mun je nesa neman misali ba, domin yawancinmu mun bi ta makarantar allo. Burin almajiri shi ne sauka, kuma babban buri ne ƙwarai. Amma babu malamin da ke ce wa yaro ya je ya sauke kafin baɗi ya juya ya bar shi. Alƙur'ani izu sittin ne, kowane izu sumuni takwas. Abin da ke gaban yaro a kullum shi ne abin da ke kan allonsa: ya rubuta, ya biya, ya kiyaye, ya wanke, ya sake rubutu. Lokaci-lokaci kuma a mai da shi baya ya yi tishi, domin a tabbata na baya bai zube ba. Da wannan hanya ce dubban mutane suka kai ga sauka, har waɗansu suka haddace suka rubuta da ka.

Bari mu yi lissafin namu a fili. Shekara mako 52 ce. Mu cire mako 8 na jarrabawa da shirinta a zango biyu. Mu cire wasu 8 saboda azumi da bukukuwan Salla da tafiye-tafiye da zazzaɓin damina da sauran abubuwan da ba a rasa ba. Saura mako 36. Idan mutum ya ɗauki alkawarin kalma 200 a rana, watau kimanin shafi guda na rubutun hannu, kwana biyar a mako, ya sami kalma 1,000 a kowane mako, a shekara kuwa 36,000. Wannan littafi ne cikakke, ya ma fi wasu daga cikin na 1933 tsawo. Shafi guda kuwa ba ya cin fiye da rabin awa zuwa awa ɗaya ga wanda ya san inda labarinsa ya nufa. Mai waƙa sai ya yi nasa lissafin da baiti, mai wasan kwaikwayo da fitowa. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana.

Wannan dabara ba ta tsaya a ƙasarmu ba. A Ingila an yi wani marubuci mai suna Anthony Trollope, wanda ya yi aiki a gidan waya fiye da shekara talatin. Yakan zauna teburin rubutu da ƙarfe biyar da rabi na asuba, ya ajiye agogo a gabansa, ya tilasta wa kansa kalma 250 a kowane minti goma sha biyar kafin ya tafi ofis. Yana kuma da ɗan littafin da yake shigar da yawan shafukan da ya rubuta, domin idan ya yi lalaci lissafin ya tona shi. Ya rasu a 1882 ya bar ƙagaggun littattafai 47. Ba mu ce kowa ya yi gudun Trollope ba, amma ɗan littafin nan nasa kowa na iya sayen irinsa a kantin makaranta.

Akwai gargaɗi guda da ya wajaba mu yi. Iyayenmu karatu suka turo mu. A ƙauye, saurayi yakan yi aikin gandu tare da mahaifinsa da 'yan'uwansa, sai da yamma ko ranar hutu ya juya ga gayaunarsa. Karatun digiri shi ne gandu, rubutu kuwa a yanzu gayauna ce. Wanda ya bar gandu ciyawa ta cinye saboda gayauna ya saɓa wa gida, kuma muna da ɗan'uwa guda da ya maimaita kwas biyu bara saboda wasan kwaikwayon da bai ma gama ba. Shi ya sa muka cire makonnin jarrabawa tun a cikin lissafi, domin kada mutum ya tauna taura biyu a lokaci guda.

Karatu da ƙa'idojin rubutu

Abu na uku, bara babu ko mutum ɗaya a cikinmu da ya sa karatu a jerin burinsa. Kowa so yake a karanta shi, babu mai niyyar karanta wani. Da muka bincika, sai muka tarar a cikinmu akwai masu shirin rubuta waƙa waɗanda ba su taɓa zama sun karanta Imfiraji na Aliyu Namangi ba, ba su kuma san waƙoƙin Sa'adu Zungur ko na Mu'azu Haɗeja ko na Aƙilu Aliyu ba sai abin da aka tilasta musu domin jarrabawa. Rijiyar da ba ta da idon ruwa, guga kaɗan za a ja ta ƙafe. Ya kamata kowane alkawarin rubutu ya zo da alkawarin karatu a gefensa, ko da littafi ɗaya ne a wata.

Haka nan ƙa'idojin rubutun Hausa. Rubutun waya ya lalata mana hannu, har mun saba da barin ƙugiya a kan ƙ da ɗ da ɓ, alhali kuwa akwai tazara mai nisa tsakanin ƙasa da kasa, ko tsakanin ɓari da bari. Muna raba abin da ya kamata a haɗa, mu rubuta "ya na" maimakon "yana", ko "gidan su" maimakon "gidansu". Duk editan da ya ga irin wannan a shafin farko da wuya ya buɗe na biyu. Koyon waɗannan ƙa'idoji aikin 'yan makonni ne, kuma ga malaman sashen harsunan Nijeriya nan kusa da mu, ƙofarsu a buɗe.

Ranar awo

Yanzu mun zo kan abin da muke ganin ya fi kome muhimmanci, watau waiwaye. Manomi ba ya jira sai kaka kafin ya leƙa gonarsa. Yakan zagaya bayan shuka ya ga inda iri bai fito ba ya yi ƙari, ya dawo lokacin noman farko da maimai. Da kaka kuma ya ƙirga damman da ya ɗaure, ya san abin da ya shiga rumbu, ya ware irin baɗi. Mu kuwa bara mun yi shuka a watan farko, ba mu sake waiwayar gonar ba sai a wata na goma sha biyu. Da mun zauna tun bayan mako shida, da mun gane cewa mutum tara sun maƙale a babi na ɗaya, da kuma an sami yadda aka yi.

Saboda haka muna ba da shawarar awo iri uku. Na mako, wanda mutum zai yi shi kaɗai, ya ƙirga shafukansa ya rubuta adadin ko da sifiri ne. Na wata, wanda za a yi a gaban abokai, kowa ya karanto wani abu daga sabon rubutunsa. Sai na shekara, wanda za a buɗe littafin sakatare. A wurin awon nan ranar wanka ce, ba a ɓoyon cibi. Kuma dole a sami mai duba na gaskiya, domin gwano ba ya jin warin jikinsa. Abokin da kullum zai ce maka "kai, wannan ya yi" ba shi ne mai taimakonka ba. Nemi wanda zai ce maka tauraron labarinka ya mutu a shafi na ashirin ya kuma dawo yana cin tuwo a shafi na talatin ba tare da bayani ba.

Idan awo ya nuna gaira, sai a tambayi dalili, domin gazawa iri-iri ce kuma kowace da maganinta. Wani alkawarin ne ya fi ƙarfin lokacinsa, wannan sai ya rage adadi ba tare da jin kunya ba. Wani lalaci ne da yawan duba waya, wannan sai ya sa wa rubutu sa'a tabbatacciya, ya kashe wayar har ya cika shafinsa. Wani kuwa labarin ne ya ƙi tafiya domin bai san ƙarshensa ba tun farko, wannan sai ya ajiye biro ya zauna ya tsara abin da zai faru babi-babi. Akwai kuma wanda wata lalura ta gaskiya ta faɗa masa, kamar ciwo ko rashi ko matsalar kuɗin makaranta. Wannan babu zargi a kansa, sai a taya shi da addu'a a ɗaga masa wa'adi. Abin da muka hana kanmu shi ne mu lulluɓe lalaci da rigar lalura.

Kada kuma awon ya tsaya a kan yawa. Mudu cike da ƙaiƙayi ba ya tuwo. A ƙarshen shekara mutum ya ɗauko abin da ya rubuta a watan farko ya karanta shi kamar na wani. Idan ya ga kurakuran da a da bai gani ba, to ya ci gaba ke nan, ko da adadin shafukansa bai cika ba. Gyara ba abin kunya ba ne. Chinua Achebe ya fitar da Arrow of God a 1964, bayan shekara goma ya koma ya yi masa gyare-gyare aka sake buga shi a 1974, alhali a lokacin sunansa ya riga ya zagaya duniya.

Alkawarinmu na bana

Shugaba, jama'a, ba ma so mu sauka daga nan da nasiha kawai. Mun sake buɗe sabon shafi a littafin sakatare, kuma muna so ku zama shaidu. Burinmu bai ragu ba, ya ma ƙaru: muna fatan kafin baɗi war haka sashen marubuta ya fitar da littafi guda mai ɗauke da gajerun labarai da waƙoƙin 'yan wannan ƙungiya. Alkawarin da ke ƙarƙashinsa kuwa shi ne, kowane ɗayanmu zai rubuta shafi biyar a mako, ban da makonnin jarrabawa. Zai karanta littafin Hausa guda a wata. Za mu haɗu a Asabar ɗin farko ta kowane wata bayan la'asar a gindin darbejiyar nan, kowa da rubutunsa a hannu. Mun roƙi biyu daga cikin malamanmu su duba abin da muka tara a ƙarshen kowane zango, sun kuma amsa, Allah ya saka musu da alheri. 'Yar'uwarmu mai labarai shida, wadda muka yi wa dariya, ita muka zaɓa ta riƙe littafin awo.

Harshen Hausa yana da miliyoyin masu magana da shi daga Kano zuwa Damagaram, daga Kumasi zuwa Sudan, kuma yaran da ke tasowa suna bukatar abin karantawa a kan tarihi da kimiyya da zaman duniya, ba labarin soyayya kaɗai ba. Idan mu da al'umma ta kashe wa dukiya muka zo jami'a ba mu rubuta musu ba, ba mu san wanda muke jira ba. Duk mai sha'awa a cikinku, ƙofa a buɗe take, sharaɗin shiga shafi biyar ne. Wanda kuma ya gamu da ɗayanmu a hanyar lacca ko a wurin cin abinci, muna roƙonsa ya tsayar da shi ya tambaye shi shafi nawa ya rubuta a wannan mako.

 Kurakuran da ke cikin wannan jawabi namu ne, muna fatan malamanmu za su gyara mana. Allah ya kai mu baɗi da rai da lafiya, ya sa mu tsaya a nan da littafi a hannu.